Eriyar da Ba Ta da Tsinke

Tjerk Bouma maƙwabcina ne a Harlingen, garinmu na bakin teku, tun muna da gashi a ka. Ya ƙare ƙarfinsa a jirgin kamun kifi, ya ajiye aiki da ciwon gwiwa da taurin kai, kuma taurin kan ya fi damun jama'a. Shi ya raba shi da 'yarsa Hilke, matuƙiyar ƙaramin jirgin da ke jawo manyan jirage cikin tasha. Kan me suka ɓata? Ko shi ka tambaya sai ya hau kame-kame.

Ba sa magana, amma kullum da safe yana jin muryarta. Yana da 'yar rediyon hannu mai laluben tashoshi, wadda ke kamo maganar jirage. Sai ya haɗa kofi, ya zauna bakin taga, ya ji Hilke tana sanar da masu kula da tasha ta fito. A ganinsa sirri ne. Duk unguwa an sani.

Ran nan ya zauna a kan rediyon, eriya ta karye. Ya sayo wata wurin 'yan gwanjo, ya murɗa, ta zauna daram. Ya kunna, sai shuuu. Ba jirgi, ba Hilke.

Muka farke tsohuwar da wuƙa don mu gane inda gizo ke saƙa. Ga roba, ga wata murɗaɗɗiyar waya a ciki, ga gindin ƙarfe.

"Wayar nan ita ke jin magana," in ji shi.

"To robar fa?"

"Riga ce, kai ma dai!"

"Ai sabuwar ma tana da su duka, har ta fi tsawo."

"Kai ma ka fi ni tsawo, me ka sani?"

Ya canza batir. Ya zargi manyan fankokin samar da lantarki na bakin teku, ya zargi gwamnati. Na ce mu je shagon Wietske mai kayan jirage, ya ce sam, kada ta tambaye shi me yake saurare. Haka ya yi makonni yana shan kofi da shuuu, har ya rame. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ya fi, na ja shi da rediyonsa muka tafi.

Wietske ta ce, "Baba, taka mace ce ko namiji?"

"Wa?"

"Eriyar."

Ya dube ni. "Yarinyar nan lafiyarta ƙalau?"

Ta kwance eriyar, ta nuna mana gindin. Mai tsinke a tsakiya shi ne namiji, mai rami mace.

"Ai tawa ita ke hawa kan rediyon," in ji Tjerk.

"Daga waje namiji ce, daga ciki mace. Ta akwatin intanet ce aka sayar maka."

"Rediyon fa?"

"Mace."

"To ai ta ɗauru!"

"Ta ɗauru, Baba, amma rami ke kallon rami."

Ni dai har yau in ka jera min su ba zan bambance ba. Ta ɗauko wata mai tsinke ta murɗa, nan take muryoyi suka cika shagon. Tjerk ya washe baki. Can sai aka kira sunan jirgin Hilke, wani ƙato ya amsa.

"Wane ne wannan kuma?"

Wietske ta yi turus. "Au, da gaske ba ka ji ba? Mu mun ɗauka ƙi ka yi."

Ashe Hilke ta sami aiki a Norway. A fitarta ta ƙarshe, bayan ta sallami tasha, ta ƙara da cewa ta rediyo, kowa na ji, "Baba, na san kana saurare. Ka zo shan kofi ran Lahadi kafin in tafi."

Tjerk ya dafa kantar shagon.

"Ta sani?"

"Haba, Baba."

"Wace Lahadin?"

"Wadda ta wuce."