Shagon Yaya Isuhu da garin da teku ta guje wa

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Isuhu, wana kuma ubangidana a sana'a. Shi ya buɗe shagon yadinmu na unguwar Catford, nan ƙasar Turawa, ya rasu ya bar mini riƙonsa tare da 'yarsa Hadiza.

Sau ɗaya na taɓa ganin ya bar sari ya tafi yawon buɗe ido. Mun je Turkiyya saro labule da abaya, aka ce kaya ba su kammala ba, sai wani direba ya kai mu kufan wani gari da Girkawa suka gina a jikin dutse tun kafin zamanin Annabi Isa. Turawa na ta ɗaukar hoton ginshiƙai, Yaya ko kallo. Kasuwar ya nema. Ya shiga wata rumfa marar rufi, ya leƙa dama da hagu, ya ce mai ita ya iya zaɓen wuri, ga mahaɗar hanya ga inuwa.

Direban ya ce a da jiragen ruwa har gindin dutsen suke tsayawa, sai kogi ya yi ta jibge laka har teku ta yi nisa. Yaya ya daɗe yana kallon gonakin da ke ƙasa. "Ka gani, Ɗanlami," in ji shi, "ba yaƙi ya ci su ba. Zama suka yi suna share rumfa, wai ruwa zai dawo."

Yau masu sayen shaddarmu ta waya suke oda. Abin da Hadiza ke aikawa daga falonta ya fi wanda ke fita ta ƙofar shago. Ta daɗe tana so mu saki wurin, ni ina ƙi. In na ce nan ubanki ya tsufa, sai ta ce, "Baffa, it's time."

Da yana raye me zai ce? Na san shi. Zai ce in kiɗa ya canza rawa ma ta canza, ya ƙara da cewa ban ji magana ba. Ashe gadon da ya bari ba shago ba ne, idon kasuwa ne, kuma yarinyar ce ta ɗauka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na amince mata. Sharaɗina ɗaya: allon da ke ɗauke da sunansa ba leburan da zai taɓa shi. Ranar Asabar ni zan hau tsani in sauke, Hadiza ta riƙe mini ƙafar tsanin. Allah ya kai haske kabarinka, Yaya.