Wardin Mama Saratu Ya Bi Ta Ƙarƙashin Shinge

Shekara shida ke nan da muka kai Mama Saratu makwancinta a nan Greensboro ta Amurka, amma sai bana na san ƙarfin abin da ta bar mana a lambun gidanmu.

Gwaggon mijina ce. Ita ta tarbe ni da na iso ƙasar nan ina amarya, ko bas ban iya hawa ba. Aikinta shara da goge-goge a manyan gidajen unguwar Irving Park, kuma a can wata tsohuwa ta ba ta reshen wani wardi da ake kira rugosa. Ganyensa a yamutse, ƙaya tun daga gindi har sama, ƙamshi kuwa sai ka ce an daka kanumfari. Illarsa ɗaya, ɗan ƙasar sanyi ne, zafin garin nan yana galabaitar da shi. Sai Mama ta ce aure za ta yi masa.

Na ɗauka wasa take. Da sassafe takan tsuguna ta buɗe furen da bai gama buɗewa ba, ta tsince 'yan zaren cikinsa. Ta ɗebo gari mai ruwan ɗorawa daga wani wardin mai jure zafi, ta shafa masa da gashin kaza, ta rufe da 'yar takarda. In ɗan itacen ya nuna ja kamar ƙaramin tumatir, ta fasa, ta zuba irin cikin yashi mai laima, ta tura firij kusa da daddawa har sanyi ya wuce. Mu da muka saba shanya iri a rana mu adana cikin toka!

"Amarya, daina zare ido," in ji ta. "Wannan in bai sha sanyi ba, ba ya tashi."

Tsiro da yawa sun mutu, wasu ita ta tuge da hannunta. Guda ɗaya ta bari, mai fure ja da duhu-duhu, wanda rana ba ta sa shi sunkuyar da kai. Ta ce duk duniya babu irinsa, domin kowace ƙwaya da tata kamar, tamkar 'ya'yan mutum. Karatuna bai yi nisa ba, amma har yau in na tuna tsikar jikina tashi take. Hannun da na ga yana tuƙa tuwo, shi Ubangiji ya bi ya fito da abin da ido bai taɓa gani ba.

Bayan rasuwarta na haifi Rahila. Ba ta san kakarta ba, wannan itacen kaɗai nake iya nuna mata in ce ga aikin hannunta. Shi ya sa duk da fargabar ƙayar, don yarinyar ba ta zama wuri ɗaya, ban taɓa yarda a sare shi ba.

Bana da zafi ya shigo, wasu korayen ƙwari masu sheƙi suka far wa furen. Mama da hannu take kakkaɓe su cikin ruwan sabulu. Mijina Yakubu kuwa ɗan manomin wake ne, shi maganin ƙwari feshi ne. Ina wurin aiki ya sayo magani, ya ƙara masa ƙarfi yadda ake yi a gida don ya ji, ya fesa da tsakar rana. Ashe rugosa ba ya shiri da feshi sam. Garin neman gira aka rasa ido. Ganye ya ƙone ya zube, rassa suka yi baƙi. Na yi ta ban ruwa ina kankare ɓawon da farce ko zan ga kore. Babu.

"Maman Rahila, gyara na so yi," ya ce, ya kasa kallona.

Na yi ta tunanin abin da Mama za ta ce. Na san ba za ta yi kuka ba. Za ta riƙe haɓa ta ce, "Yakubu, wake ka ga na shuka?"

Ana nan sai maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan Biyetnam, ya ƙwanƙwasa ƙofa yana nuna mini yatsarsa da jini. Turancinsa kamar nawa ne, don haka da hannu muka fi magana. Ya kai ni cikin lambun barkononsa. Can ga wani ɗan toho, tsawonsa bai kai gwiwa ba, ƙaya cirko-cirko, ganye a yamutse. Saiwar wardin Mama ce ta bi ta ƙarƙashin shinge tun ba mu sani ba, ta ɓullo inda feshin bai kai ba. Na durƙusa a jar ƙasar nan. Dattijon ya ɗauka addu'a nake, ya cire hularsa. Daga baya ya kawo shebur, Yakubu ya haƙo tohon yana lallaɓawa kamar mai ɗaukar jariri.

Mama ba ta bar fili ba, ba ta bar gwal ba, ko suna ba ta raɗa wa furen nan ba. Abin da ta bari mai rai ne, ya kuma san hanyar tsira fiye da mu masu gadinsa. Allah ya ji ƙanki, Mama. Mu mun ɗauka amanarsa aka ba mu. Ashe tun kina raye kin gama aikinki, har da kuskurenmu a ciki.