Shingen da Awaki Suka Cinye

Ramlat 'yata ce ta biyu. Ta karanta kimiyyar ƙasar noma, ta kama aiki a wani ofishin gona a Kano. Allah Ya karɓi abarsa bara, tana da shekara talatin da ɗaya. Abin da zan faɗa ya faru shekara uku kafin nan.

Duk Asabar takan hau motar Ɗanbatta da abokan aikinta biyu, su sauka a sakandaren 'yan mata ta garinmu na asali. Ba wanda ya aike su. Bayan azuzuwa akwai wani fili da ya zama juji, shi ta roƙa a ba ta su dasa itatuwa tare da ɗalibai. Shugabar makarantar, Hajiya Sa'adiyya, ta ce ta ba ta rani ɗaya. In dashen bai kai damina ba, fili ya koma wurin ƙona shara.

Suka tsince leda, suka haƙa rami sittin, suka dasa mangwaro da gwaba da zogale. Lokacin an gama girbi, karan dawa ko'ina kyauta, sai ta sa aka kewaye kowane dashe da shi, da ganyensa da komai. A birni ta tashi. Ba ta san da an kwashe amfanin gona ake sakin dabbobi ba.

Da ta dawo Asabar ta gaba, ta tarar da mai gadi, Baba Uwaisu, zaune a ƙofa yana jiran ta.

"Injiniya, barka da zuwa. Awakin gari sun ce a yi miki godiya."

"Godiyar me, Baba?"

"Walima mana! Sun fara da shingen, suka wanke baki da zogalen."

Dashe sha tara ne suka tafi. Ɗalibai suka zuba mata ido, ita kuwa ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta ce, "To Baba, yau kai ne malamin."

Ya aika aka saro ƙayar magarya aka sake shinge. Sai ya sa aka tara kashin awaki a bokiti, aka jiƙa, aka dama, ana yayyafa wa ganyen da tsintsiya. Ya ce akuya ba ta cin abin da ya yi warin kashinta. Wata ɗaliba, Ummukulthum, ta toshe hanci da mayafi.

"Anti, wannan ma a jami'a ake koyar da shi?"

"Ajin ƙarshe ne. Miƙo muciyar."

Ranar da ta iso gida, mahaifiyarta ta tsayar da ita a zaure ta miƙo mata ruwa da sabulu.

Haka suka yi har ƙarshen bazara. Kowace ɗaliba da dashenta, da jarkar da take tara ruwan alwala ta ba shi. Da ruwan farko ya sauka, Hajiya Sa'adiyya ta fito da kanta ta ƙirga, Ramlat na biye da ita. Arba'in da ɗaya, ba wanda ya bushe.

Hajiya ta juya ta ce da Baba Uwaisu, "A nemi wani wurin ƙona shara." Ta dubi Ramlat. "Akwai kuma fili bayan ɗakin gwaji. Amma wannan karon ki fara tambayar Baba."