Ƙofar da Aka Hana Danda Shiga

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Tasawa da niyyar ƙetare iyaka, a shekarun da gyaɗa ke sarauta, ya san Danda na Baudeta. Dogo ne siriri, mai askar mutanen Tasawa a gefen goshi, aikinsa ɗinke bakin buhunan gyaɗa da basilla a gindin sikeli. Ba malami ba ne, ba attajiri ba, kuma tafiyarsa ƙasar waje ɗaya ce tak a duniya. Amma da ya hangi mutum da sabuwar jaka yana waige-waige, sai ya soke basilla a buhu ya taso da shawarwarin tafiya, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Wasu na cewa ya cika shisshigi. Su faɗi. Wanda bai san abin da ya kai Danda Kumasi ba shi ke iya yi masa dariya.

Danda na da ƙane guda, Talle, wanda aka haifa wata biyu bayan rasuwar ubansu. A kafaɗar Danda ya girma, shi ya koya masa riƙon hauya, shi ya sha duka a madadinsa ranar da awaki suka shiga gonar mai gari. Yana kuma da amini, Ƙadri, wanda suka kwanta ɗakin kaciya ɗaya. Abotar da aka ƙulla a wannan ɗaki, a wajen mutanenmu, ba ta da bambanci da ta ciki ɗaya. Shi ya sa da Talle ya tashi tafiya ci-rani Kumasi, Danda bai yi wata fargaba ba, tunda Ƙadri ne zai ja shi, kuma Ƙadri ya taɓa zuwa sau biyu.

Bayan shekara ɗaya Ƙadri ya dawo shi kaɗai, da keken ɗinki sabo fil a cikin akwatin katako. Ya kafa rumfa a kasuwar Tasawa, ya zama Ƙadri Tela. Talle fa? Ai Talle, in ji Ƙadri, ya samu aiki a injin yanka katako, ya yi ƙiba, ya ce a gaida Inna, sai baɗi. Baɗi ta zo ta wuce, wata baɗin ma ta kama hanya, ko tsinken goro ba a gani daga Talle ba.

Tsohuwarsu, Inna Mariyama, ba mai yawan magana ba ce. Sai dai duk ranar da ta dama fura, sai ta kasa ta uku, ta rufe ƙwarya ɗaya da faifai, ta bar ta har ta yi tsami. Wata rana da hantsi, bayan an gama roron gyaɗa, ta dubi Danda ta ce, "Idona ya soma hazo. Ka tahi ka ɗauko min ƙanenka in gan shi tun ina iya gani."

A lokacin an yi shekara huɗu da ɗaga tutar ƙasa, kuma Danda bai taɓa wuce Maraɗi ba. Wa zai nufa in ba amininsa ba?

Da Ƙadri ya ji labari, ƙafarsa ta tsaya a kan keke. Sannan ya murmusa ya ce ai wannan abin arziki ne. Ya rufe rumfa tun kafin la'asar, ya zaunar da Danda a kan tabarma, ya shiga karanta masa Kumasi daki-daki.

"Da fari, kak ka taka ko'ina sai da katin dantite, na shaidar ɗan ƙasa, da takardar lamba. Zamanin da ake ratsa daji da sanda kaɗai ya wuce, yanzu kowace iyaka da jandarmanta. Guzurinka ka raba shi biyu, na ci a aljihu, na komowa gida a inda hannu ba ya kai. In ka sauka, kak ka tsaya kana kallon benaye baki buɗe, nan ɓarawo ke gane baƙo. In za ka ƙetare titi, ka laɓe bayan mata masu kaya bisa kai, in sun tahi ka tahi. Ka ci abinci inda direbobi ke ci. Ka riƙe alamar masaukinka da abin da ba ya tashi, hasumiya ko icce, ba rumfar mai ayaba ba. In ka ɓace, kak ka tambayi samari. Nemi tsohuwa mai saye da sayarwa, ita ba ta da inda za ta kai ka."

Danda na ta gyaɗa kai yana maimaitawa kamar mai haddar allo. Kuma wallahi duk gaskiya ce, babu wadda ba ta yi masa rana ba. Abin da ke ƙona rai ke nan. Mai son ba ka guba ba ya miƙo ta a tafin hannu, a cikin fura mai kyau yake damawa.

Ƙadri ya rage murya. "Saura guda, ita ce babba. A zango, unguwar Hausawa, akwai wani gida mai koren ƙyaure kusa da masallaci, na wani Alhaji Jaji, wai shi ne mai masaukin mutanen Tasawa da Mayahi. Ko inuwar gidan kak ka taka. Shi ka miƙa baƙi ga ƴan sanda. Kuma kak ka ce daga Tasawa kake, sunanmu ya ɓaci can. Ka ce kai Bakatsine ne, kana biɗar Talle Bakatsine mai aikin katako. Haka shi ma yake kiran kanshi."

Washegari ya ɗinka masa wando na musamman, mai ɓoyayyen aljihu a cikin ƙugu, ya ƙi karɓar ko sisi. Danda har da ƙwalla. Ya ce a ransa, wanda bai da amini irin wannan bai san daɗin duniya ba.

Kwana tara ya yi a hanya, daga kamyon gyaɗa, babbar motar kaya, zuwa na shanu, ta Yamai da Wagadugu, har ƙasa ta sauya launi, itatuwa suka rufe sama. Kumasi ta tarbe shi da hayaniyar da bai taɓa ji ba ko ranar hawan salla. Bai tsaya kallo baki buɗe ba. Ya laɓe bayan mata ya ƙetare titi, ya ci shinkafa da wake a inda direbobi ke ci, ya samu wurin shimfiɗa tabarma a zauren wani mahauci Bakano, ya riƙe hasumiyar masallaci alama.

To, a baƙunta ba a sanin mutum da sunan ubansa, da sunan garinsa ake saninsa. Talle dai a zango sun fi a ƙirga, amma ka ambaci gari, nan take a nuna maka ƙofa. Danda kuwa ya bi injinan katako ɗaya bayan ɗaya, har garin katako ya toshe masa hanci, yana cigiyar Talle Bakatsine. Aka nuna masa wani gajere mai gemu, aka nuna masa wani mai ido ɗaya. Babu nasa. Kuma sau biyar a yini yana wuce koren ƙyauren nan a hanyarsa ta masallaci, yana kawar da kai, yana jan hula don ta rufe askarsa.

Ranar Juma'a ta huɗu da zuwansa, bayan an sauko, sai ya ga an fito da makara daga gidan. Mutanen ba su kai goma ba, yawancinsu tsofaffi, ana ta neman kafaɗa. Danda ya tsaya. Ya tuna kashedin Ƙadri, sai kuma ya ce ai gawa ba ta miƙa kowa ga ƴan sanda, kuma Musulmi ba ya ganin makara ya wuce. Ya sa kafaɗa ta wajen kai. Ya bi su har maƙabarta, aka yi salla da shi, ya zuba ƙasa da hannunsa. Ya ji wani na cewa baƙo ne, ya daɗe a kwance, Allah ya hutar da shi. Ya so ya tambaya ɗan ina ne, sai ya haɗiye. Ana shafa fatiha ya sulale.

Bayan kwana shida ya ɓace a wani lungu da bai taɓa bi ba, hasumiya ta ɓuya masa. Ya bi shawarar amininsa, ya nemi tsohuwa. Ya samu wata mai koko da ƙosai a bakin kwata, sunanta Shatu, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Sannu, Iya. Don Allah ina hanyar masallacin zango?"

Ba ta nuna ba. Ta ajiye ludayi ta zuba masa ido. "Kai ɗan ina ne?"

"Bakatsine ne, Iya."

"Ƙarya kake, ɗan nan, kuma ba ka iya ta ba. Ni ɗiyar Mayahi ce, shekarata talatin nan, amma ban mance askar gida ba. Ɗaga hular." Ya ɗaga. Sai ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Mi ya haɗa ka da Ɗan Baudeta? Wanga goshi nashi ne."

"Wane Ɗan Baudeta?"

"Talle mana, na gidan Alhaji Jaji. Wanda aka rufe Juma'ar da ta wuce."

Danda bai san sa'ad da ya zauna a ƙasa ba, cikin ruwan kwata.

Ita ta kama hannunsa ta kai shi koren ƙyauren. Alhaji Jaji tsoho ne, wanda rabin mutanen ƙasar Tasawa da suka taɓa zuwa Kumasi a zaurensa suka fara shan ruwa. Ya nuna masa wani ɗan ɗaki a gefen zaure, da tabarma a naɗe. Tagarsa na kallon titin masallaci.

"Nan ya kwanta shekara biyu. Gungume ya faɗo mashi a baya, ƙafafu suka mutu. Kafin nan ya yi ta tarin kuɗi har ya sayi keken ɗinki, ya ce zai koma gida ya zauna kusa da tsohuwarku. Da abin ya faru sai ya danƙa keken ga abokinka tela, a gabana, ya ce a kai ma Yaya Danda, a ce ya zo ya ɗauke shi. Takarda huɗu na aika Tasawa da sunan telan, tunda Baudeta ba gidan waya. Duk wanda zai koma gida na ba shi saƙo, su dawo su ce sun hwaɗa ma Ƙadri, ya ce zai isar." Tsoho ya share ido. "Bai taɓa zarginka ba. Kullum sai ya sa a jingina shi jikin tagar nan, wai kak ka zo ka wuce ba ka gane gidan ba. Ƙarshe ne ya kasa tashi, wajen wata guda ke nan. Kai yaushe ka shigo gari?"

Danda ya ƙirga kwanakin a ransa. Hannunsa na kan ƙugun wandonsa, a kan ɗinkin nan mai kyau, ƙanana-ƙanana a jere, wanda aka yi da keken Talle.

Baƙin cikin mutuwa daban, kowa zai ɗanɗana. Abin da ya riƙa cin Danda a hanyar dawowa shi ne kwana ashirin da wani abu da ya yi yana wuce bango ɗaya da ƙanensa mai rai, yana kawar da kai, don amininsa ya ce ya kawar. Ba wawanci ya yi ba. Yarda ya yi, kuma da yardar aka yanka shi.

Ya sauka Tasawa ana tsakar cin kasuwa. Ya tarar da Ƙadri yana taka keke, mutane zaune suna jiran ɗinki. Ƙadri ya ɗago, ya gan shi shi kaɗai, fuskarsa ta yi toka. Ya soma, "Aboki, ka tsaya in..." Danda bai ɗaga murya ba. Ya kwance ƙullinsa, ya fito da wandon a ninke, ya ɗora a kan keken.

"Ga kayanka. Shawararka duk ta yi, Ƙadri. Tsohuwar ma da ka ce in tambaya, ita ta hwaɗa min."

Bai ɗauki keken ba, bai kai ƙara ba. Mutanen da ke zaune su suka kwashe yadinsu ɗaya bayan ɗaya da labari ya fito, kuma kafin damina Ƙadri ya bar garin. Danda bai sake ambaton sunansa ba har ya tsufa. Sai dai tun daga lokacin duk matafiyin da ya tare a tasha, sai ya ba shi shawarwarin nan kaf, na takarda da na titi da na direbobi, bai rage ko ɗaya ba, don gaskiya gaskiya ce ko daga bakin wa ta fito. Sannan ya riƙe masa hannu ya ce, "In ka sauka, kafin ka sha ruwa, ka nemi ƙofar mutanen garinku, ka tsaya ka hwaɗi sunan garinku da ƙarfi. Wanda duk ya ce ka ɓoye shi, tambaye shi mi ya binne can."

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, daga rumfar Ƙadri, Baudeta ya nufa a ƙasa, ya isa da la'asar sakaliya. Inna Mariyama na zaune a gindin rumbu, ga ƙwarya rufe da faifai a gefenta. Ta kasa kunne, ta ji takun mutum ɗaya. Ya durƙusa ya gaya mata komai, bai ɓoye ko makarar ba. Ta murza bakin zanenta.

"Ka ga huskarshi?"

"Ban gani ba, Inna."

"Amma kai ka ɗauke shi."

"Ni na ɗauke shi. Ta wajen kai."

Ta lalubo kafaɗarsa, ta dafa daidai wurin da Talle ke zama yana yaro.

"Ya yi nauyi?"

"Bai da nauyi, Inna," in ji Danda. "Bai da nauyi ko kaɗan."