Taken Tsoho Labbo

Duk wanda ya taɓa fita aikin gayya a ƙauyenmu, can bayan Fakku, ya san kakana Labbo ba ya saran ƙasa sai da kiɗa. In makaɗi ya tsaya shan ruwa, shi ma sai ya tsaya da galma a sama yana jira. Galmar ma ta aro ce, tasa tana saɓe a kafaɗa sabuwa fil. Na taɓa ce masa, "Tsoho, taka hwa?" Ya ce, "Wagga kallo taz zo yi. In ta ga yadda a ka yi, baɗi ta shiga."

Ranar da ta fi zama mini a rai ita ce ta gyaran hanyar kasuwa, da ruwa ya cinye ta har babur ba ya wucewa. Ɗan-Ige mai ganga ya makara, sai samari suka haɗa waya da lasifika suka ƙure murya. Tsoho ya karkata kunne, sannan ya nemi inuwa ya zauna.

Na ce, "Tashi mana, ango, ga kiɗi."

Ya ce, "Wanga kiɗi bai san sunana ba. Tambaye shi ɗan wa ni ke, mu ji."

Gaskiyarsa. A gayyarmu kowane magidanci yana da takensa, kuma wanda ganga ba ta kira ba, an sa shi cikin masu gadin takalma ke nan. Tsoho kuwa ya fi tsoron wannan da mutuwa.

Da Ɗan-Ige ya iso, Goggo Kulu, 'yar tsoho, ta sauke ƙwaryar fura ta ja shi gefe. Ta roƙe shi kada ya buga taken babanta, don ƙafafunsa sun kumbura, in ya ji zai zabura ya faɗi. Aka shiga aiki, masu jidar ƙasa na yi, masu jera duwatsu na yi, ganga tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Har ni ta kira, ni da ba na cika kwando. Tsoho ya miƙe tsaye yana gyara ɗamara, aka wuce shi. Ya ce mini, "Shina aje manya ne sai ƙarshe." Da rana ta yi, furar ma ya ƙi sha. Wallahi sai na ji tausayi ya kama ni.

Ɗan-Ige ma bai iya jurewa ba. Ana gab da tashi ya zo gaban tsoho ya durƙusa, ya buga taken, amma a hankali ƙwarai, kamar mai lallashin jariri. Tsoho ya taka zuwa bakin ramin ƙarshe, yana sara yana hutawa, ganga tana jiransa. Jama'a suka ajiye kayan aiki suna tafi. Ya share gumi, ya dubi Ɗan-Ige da murmushi, ya ce, "Ashe takena ma ya tsuhwa."

Muka yi ta dariya, Goggo Kulu tana goge ido da gyale. Bai ga gayyar baɗi ba.

Allah ya ji ƙan Tsoho Labbo, ya sanyaya makwancinsa, ya sa a kira sunansa cikin mutanen kirki.