Wuƙaƙen Kawu Idi

Jiya a unguwarmu ta Nuzla muna shan shayi, ɗan maƙwabcinmu da ke karatu a Amurka yake ba mu labari. Wai a wata jiha can, in an ga mutum yana neman yin aika-aika, alƙali na iya karɓe masa bindiga har ya huce.

Kawuna Idi, mahauci, ya dire kofi. "Zalunci ne wallahi! Abin da mutum ya saya da guminsa? Bai harbi kowa ba fa!"

Matarsa, Inna Hajara, ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar shinkafa.

"Halas, shi ke nan, Alhaji. Sai ka je gidan liman ka karɓo wuƙaƙenka."

Ashe tun ranar da Kawu ya yi rantsuwa sai ya farke wani a layin tankar ruwa, ta naɗe su a zani ta kai can.

Kawu ya ce, "Wannan daban. Ai ke kin san halina."

To, Amurkawa na ta muhawara, mu alƙalinmu na tsintar shinkafa. Ku a gidanku, wa ke ɓoye wuƙa?