Karyar Da Na Shayar Da Hannuna

A lokacin da abin nan ya faru ni bazawara ce mai kusan shekara arba'in, ban san alif ba, ban san baƙin boko ba, kuma bakina ba ya riƙe magana. Daga wani ƙauye a ƙasar Sakkwato na zo aikin Hajji, jama'armu suka koma gida na ƙi bin su, na zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama, a ɗaki ɗaya da mata huɗu a unguwar Ka'akiyya. Wankau da shara na gidajen Larabawa duk na yi, ba inda nake daɗewa, don idan uwargida ta ɗaga mini murya sai na ɗaga tawa ta fi tata. Rannan wata tsohuwa 'yar garinmu da ke unguwar Tandabawi ta kira ni, ta ce akwai aikin da duk mata suka gudu suka bari, amma ta san ni 'yar mafarauci ce, kare ba ya ba ni tsoro. Wani mai hali ne ke da istiraha, wato gidan shaƙatawa a bayan gari, yana neman mai ba karnukansa abinci. Ta ce can ba mai tambayar takarda. Na ce mata ko kuraye ne zan je.

An ce mini karnukan gadin tumaki ne. Ban ga tunkiya ko ɗaya ba. Abin da na gani karnuka ne gajeru masu faɗin kai, kowanne a ɗaure nesa da ɗan'uwansa, an yanke musu kunnuwa, fuska duk tabo. Kada in yi muku ƙarya, tun makon farko na gane na faɗa ne, ana fita da su ana haɗa su mutane na kallo. Maigidan yana da wani babban littafi mai hotuna, ya kan buɗe ya nuna mini, ya ce kakannin karnukan nan tun zamanin da Turawa ke zaɓarsu, duk wanda bai ja da baya a ramin faɗa ba shi ake bai wa mace, wanda ya gudu a kawar da shi, har aka tace jinin. Kowane kare da takardar asalinsa har kakan kakansa. Na yi dariya na ce masa ikon Allah, kare da takarda ni 'yar Adam babu.

Ni ba na karatu, amma idona ya san kare. A gidanmu na koyi kallon kwiyakwiyai a kan nono, in gane wanda ke ture 'yan'uwansa, in gane wanda idan an ɗaga shi ta fatar wuya ba ya kuka. Na fara faɗa wa maigida wanda zai yi zuciya, sai abin ya zo daidai. Daga nan ba ya haɗa barbara sai ya tambaye ni. Uba da 'yarsa, ɗa da uwarsa, duk na ba da shawara an haɗa, wai don jinin ya yi kauri, ana haifar wasu da nakasa ana zubarwa ina gani. Ya daina kirana shagala, wato 'yar aiki, ya koma kirana Hajja. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa zaunar da ni aka nemi sanina ba sai a gidan nan, kuma daɗin abin ya shiga kaina.

Akwai wata karya da ta mutu wajen haihuwa ta bar 'ya ɗaya baƙa. Ni na shayar da ita da madara a kwalba, tana kwana a kwali a bakin ƙofata. 'Yar Baƙa nake kiranta. Ta girma ba ta da faɗa ko kaɗan, idan ina salla sai ta koma can gefe ta kwanta ta jira in sallame. Na san dokar gidan sarai: macen da aka yarda da jininta ana ajiye ta don haihuwa, ba ta zuwa rami, wadda aka cire daga layi kuwa ita ake jefa wa matasan karnuka su koyi cizo a jikinta.

Wata safiya maigida ya zo da abokinsa za su duba matan karnukan da za a ajiye. Abokin ya kalle ni sama da ƙasa, ya tambaya cikin dariya wai wannan takaruniyar, baƙar 'yar Afirka da ba ta iya rubuta sunanta ba, ita ce ke zaɓa masa iri. Ya buɗe littafi, ya nuna 'Yar Baƙa, ya ce wannan ta uwa ta uba jinin zakaran gidan ce, ba a buƙatar ra'ayin mai wanke kwano a kanta, a ajiye ta kawai. Jama'a, ya riga ya cece ta. Shiru kawai ake nema daga gare ni. Amma zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa takardarsa ba ta san komai ba, wannan kakarta ta ɗauko, matsoraciya ce, ko mage ta yi mata tsawa za ta gudu, duk abin da za ta haifa rabi ragwaye ne. Ya ce in nuna. Na buga ƙafa a ƙasa na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi mata ba. Ta kwanta ta juya cikinta sama tana kallona. Maigida ya tafa hannu yana cewa ai ya gaya masa, Hajja ba ta kuskure. Wallahi a wannan lokacin daɗi na ji.

Bayan la'asar direban gidan ya zo ya ja ta zuwa shingen baya, wurin matasan karnuka. Ina tsugune ina wanke kwanukan abinci ina jin kukanta, ban tashi ba. Na ce wa kaina ba ni da iƙama, idan na yi magana kora ce, amma bakin da ya iya yi wa babban mutum rashin kunya da safe ai bai mutu da yamma ba. Da suka gama aka yar da ita bayan katanga. Na same ta da sauran numfashi, wuya a yage. Tana ganina ta motsa wutsiya. Na kawo ruwa ta kasa sha, na riƙe kanta har ta daina motsi kafin magariba, na haƙa tsakuwa na rufe ta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne washegari na tashi na ba sauran abinci, na kuma ƙara wata biyar a gidan ina zaɓa musu.

Daga baya na koma unguwar Misfala ina sayar wa alhazai tuwo, na shiga karatun da matar wani ɗalibi ɗan Kano ke koya wa manyan mata a falonta. A nan na iya riƙe alƙalami, da furfura a kaina. Ranar da malama ta yi bayanin cewa addini ya hana haɗa dabbobi faɗa, na ɗaga hannu na tambaye ta hukuncin wanda bai haɗa ba, nunawa kawai ya yi. Ta dube ni, ta ce Yaya, ƙofar tuba a buɗe take, amma kada in rage wa laifin nauyi don in ji sauƙin ɗauka.

Shi ya sa na rubuto muku ba ragi. 'Yan'uwana masu aiki a gidaje da istirahohi, rashin takarda yana sa mutum haƙuri da abubuwa da yawa, na sani, amma ni ba tsoro ne ya kashe 'Yar Baƙa ba, son a ce na iya ne. Idan aka yabi saninku, ku tambayi me za a yi da shi, kuma ku kula da bakinku ranar da aka raina ku, don a ranar ne mutum ke sayar da nasa. Duk mutanen da na ɓata wa a rayuwa na bi su na roƙa, sun ce sun yafe. Ita kaɗai ce ba ta da bakin da za ta ce mini haka.